Jawabi a Taron Naɗa Daraktocin Kamfanin Manoma a Ƙasar Ɗambatta

Ina gaida mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa, da dagatai, da malamanmu, Allah ya gafarta musu, da iyayenmu mata waɗanda kuɗin adashinsu da na ƙuli-ƙulinsu ke cikin wannan jari.

Ya ku daraktoci, tun kafin a san kamfani a ƙasar nan, malaman Malikiyya sun warware hukuncin ƙirali, wato mai dukiya ya danƙa wa wani ya juya su raba riba, suka tabbatar da cewa wanda aka danƙa wa amintacce ne, ba ya ramuwa idan hasara ta auku bisa ƙaddara, amma idan ya yi sakaci ko ya ƙetare sharaɗi, to, lamuni ya hau wuyansa. Matsayinku ke nan.

Kada wani ya zaci girman kamfani yana tsare shi daga ɓarna, domin a ranar 14 ga Agusta 2009 Malam Sanusi Lamido Sanusi, yana Gwamnan Babban Bankin Nijeriya, ya tuɓe shugabannin bankuna 5 saboda tarin basussukan da aka bayar ba su dawo ba, alhali kuwa kowane banki yana da majalisar daraktoci da ta kamata ta tsawata tun da wuri.

Abin da na fi jiye mana tsoro a nan shi ne kunya, saboda a ƙasar da gona ke manne da gona, wanda ke riƙe da makullin rumbun taki ko dai surukinka ne ko limamin unguwarku, sai bakinka ya yi nauyi ranar da ya wajaba ka tambaye shi inda buhu goma suka shiga. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin taron shekara da na kiran mai binciken lissafi. Ina roƙonku kada ku karɓi wannan rangwame. Ku kira taro bayan kaka, ku ɗauko mai bincike wanda ba ɗan'uwan kowa ba ne, a karanta lissafi da Hausa a bainar jama'a, kuma daraktan da ke da hannu a wani ciniki ya faɗa kafin a ƙulla shi.

Ku kuma masu hannun jari, doka ta ba ku ikon tuɓe darakta da rinjayen ƙuri'a. Ku halarci taron, maza da mata, ku yi tambaya. Allah ya yi mana jagora.