JAWABI KAN GURABEN KARATUN DIGIRIN DIGIRGIR A FANNIN MUHALLI

Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, dattawa, 'yan'uwa maza da mata.

Maganata a yau kan 'ya'yanmu ce masu digiri na biyu da ke zaune a Sabo. Kun san halin da muke ciki: in yaro ya nemi tallafin jiha a nan, a ce ba ɗan ƙasa ba ne, in ya je gida, a ce ba a san shi ba. To, akwai ƙofar da ba ta tambayar jiharka. A nan Jami'ar Ibadan, Tarayyar Afirka tana da cibiyar PAULESI, wadda ke ɗaukar ɗalibai digirin digirgir kan kula da muhalli, ta biya kuɗin makaranta, ta ba da alawus. Haka ma shirin WASCAL na sauyin yanayi, wanda Jamus ke ɗaukar nauyinsa, yana Akure da Minna.

Kada wani ya ce muhalli ba ruwanmu. Ambaliyar Ogunpa ta 1980 da ta 2011 mun gani da ido. Tafkin Chadi ya janye, hamada tana cin gonakin arewa, kuma daga can shanu da hatsin da muke sayarwa ke zuwa.

Abin da ake nema: takardun sakamako, wasiƙun shaida daga malamai, da rubutaccen tsarin binciken da yaro zai yi. A shirya su tun kafin a buɗe, don da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kada a ba ɗan kamasho ko sisi.

Ina roƙon ƙungiya ta ɗauki nauyin kuɗin fasfo da na karɓo sakamako ga marasa hali.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka.