Zane Na Kowa Ne: Jawabi Ga Masu Sana'ar Hannu A Kanya Babba

   

Maganarmu ta yau a kan sana'ar hannu ce, watau ɗinki, da gini, da dukanci, da ƙira, da ginin tukwane, da saƙar faifai da tabarma. Kowa ya san halin da a ke ciki. Roba ta kori ƙwarya, keken ɗinki yana tsere da allura. In tsohon gwani ya rasu, sau da yawa a kan binne shi da abin da ya sani, gama bai nuna wa kowa ba. Abin da mu ke so ku koma gida da shi ɗaya ne: sana'a tana ƙaruwa in an yi shawarar zane tare, aka kuwa bar shi a fili, kowa ya gani ya koya.

Babbar Riga

Bari mu fara da abin da ke jikinmu. Ku dubi babbar rigar da dattijo ya sa ran salla. Wa ya yi ta? A zamanin iyayenmu, mace ce ta kaɗa zare. Masaƙi ya saƙa ƙyallaye sirara. Maɗinki ya harhaɗa su. In ta baƙi ce, marini ya tsoma ta a karofi. Wani malami mai iya alƙalami ya zana aska da tambari a ƙirjinta. Masu allura suka bi zanen, wani lokaci wata da watanni. Daga ƙarshe mabugi ya buge ta har ta yi ƙyalli. Hannu bakwai ke nan a riga ɗaya.

To, aska takwas fa, ta wace ce? Dagi na wane ne? Ba mai iya cewa nasa ne. Maɗinkan Kano da Zariya suna yinsu, na Bida da Ilori suna yinsu. Kowane gwani ya tarar da su, ya ƙara ɗan abin da Allah ya hore masa, ya bar wa na baya. Da mutumin da ya fara zana aska ya ɓoye ta a ɗaka, da yau ba mu san ta ba. Ashe buɗaɗɗen zane ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Da shi muka tashi.

Masallacin Yama

Yanzu mu ƙetare iyaka, mu shiga ƙasar Nijar, wajen 'yan'uwanmu Hausawa na jihar Tawa. Akwai wani gari can sunansa Yama. A shekarar 1962 dattawan garin suka yi shawara su gina masallacin Jumma'a. Suka danƙa aikin a hannun wani magini ɗan garin, Alhaji Falke Barmu, wanda kuma manomi ne kamar mu.

Gayya suka yi. Kowa ya kawo abin da ya ke iyawa. Waɗansu suka buga tubali, waɗansu suka kai shi wurin gini, mata suka ɗebo ruwa, waɗansu suka nemo itace. A 1975 aka gyara rufin, aka ɗaura bakan gizo, aka yi tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 aka tayar da hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Shekara ashirin ke nan gari yana aiki ɗaya. A 1986 aka ba masallacin lambar girma ta Aga Khan, wadda a ke ba gine-gine na ƙwarai a ƙasashen Musulmi. Ginin ƙasa na ƙauye ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da na manyan birane.

Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, akwai gwani a kan aikin, gama gayya ba ta hana gwaninta. Na biyu, da ya ke kowa ya sa hannu, kowa ya san yadda aka yi, kowa kuma yana jin ginin nasa ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe bayan damina. Wanda ya ɗauki tubali a kansa ba ya barin bango ya zube yana kallo.

Abin Da Ya Faru A Dandaji

A jihar Tawa ɗin nan akwai wani gari kuma, Dandaji. Suna da tsohon masallaci na ƙasa, aikin Alhaji Falke Barmu. Jama'a ta yi yawa, ginin kuwa ya fara lalacewa, aka so a yi sabo babba. Sai waɗansu mata biyu masu ilmin zanen gine-gine suka karɓi aikin, Mariam Kamara 'yar Nijar, da Yasaman Esmaili 'yar ƙasar Iran.

Suka zauna da mutanen gari, suka ji abin da su ke bukata. Aka daidaita a kan a gyara tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu, a gina sabo kusa da shi. Suka nemo maginan da suka yi aikin farko, aka yi gyaran tare da su. Maginan suka nuna abin da suka sani na ƙasa da ɗaurin rufi. Masu ilmin zamani suka kawo dabarar matse jar ƙasa da inji ta zama bulo mai ƙarfi, wanda ba ya tara zafi kamar na siminti. An gama a 2018. Da ilmin takarda da ilmin hannu, ba wanda ya raina ɗan'uwansa, kowa ya ƙaru.

Ladi Kwali

Ga misali na uku, daga Nijeriya. Wanda ke da takardar naira 20 a aljihu ya fito da ita, ya juya bayanta. Matar nan da ku ke gani tana ginin tukunya, ita ce Ladi Kwali, Bagwariya. A gida ta koyi sana'ar tun tana yarinya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya kan ajiye tulunanta saboda kyansu. A 1952 wani Baturen Ingila, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yanzu a ke kira Suleja. Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko.

Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa wa tukunya ruwan ƙyalli irin na tangaran, da gashi a wuta mai tsananin zafi. Amma ba ta yar da nata ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, tana zana ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsu a jikinsu. An nuna aikinta a birnin Landan a 1958. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984.

Akwai darasi a nan wanda bai kamata mu tsallake ba. Randarmu tana sanyaya ruwa domin jikinta yana tsatsafowa, iska ta busa, zafi ya fita. Tulun da aka shafa wa ruwan ƙyalli ba ya tsatsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa, ga shi da nauyi, ga tsada. Tulunan nan sun zama kayan ado na masu kuɗi, sun kuwa yi kyau ƙwarai. Amma uwargida mai neman ruwan sanyi da rani, tsohuwar randa ita ce tata. Domin haka, kafin a sake wa abu kama, a tambayi mai aiki da shi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Tsoron Mai Sana'a

Mun san abin da ke ran waɗansunku. Wani zai ce, in na nuna zanena, maƙwabcina ya kwaikwaya, ya kashe mini kasuwa, me zan ba iyali? Wannan magana ce mai nauyi, ba mu raina ta ba.

Amsa ta farko, zane daban, hannu daban. A ba mutum goma zanen hula ɗaya, za a sami hula goma, mai saye kuwa ya san ta gwani. Amsa ta biyu, mai saye ya kan tafi inda masu yi su ke da yawa. Ku tuna da Kura ta ƙasar Kano. Buzaye daga Sahara sun san baƙin rawanin nan mai ƙyalli, ɗan Kura, domin gari ne guda na marina da mabuga. Da marini ɗaya ne ya riƙe asirin, da ba fataken da za su ɗauro raƙumi saboda shi.

Amsa ta uku ita ce gaskiya da amana. Buɗe zane bai halatta cin haƙƙin mai shi ba. A Amurka, a 2001, an kafa wata ƙungiya mai suna Creative Commons. Ta shirya takardun izini waɗanda mai zane ko mai littafi zai sa wa aikinsa, ya ce kowa ya ɗauka ya yi amfani, da sharaɗin a ambaci sunansa. Yana iya ƙara sharaɗi, ya ce wanda ya gyara shi ma ya bar nasa a buɗe. Mu ma mun san wannan ladabi. Almajirin kirki ya kan ce, a wurin malam wane na ji.

Abin Da Za Mu Yi

Ga shawara biyar, ku tattauna su a zaure da cikin gida.

Na 1. Kafin a fara aikin da ya shafi jama'a, ko rumfar kasuwa ce, ko adon ƙofar makaranta, a tara waɗanda za su yi amfani da shi a ji bakinsu. Matan da ba su fita, a aika musu mace 'yar'uwarsu ta jiwo.

Na 2. A fara zana abin a ƙasa da tsinke, a gaban kowa. Zanen ƙasa ba shi da tsada. In da kuskure, a share da ƙafa a sake. Yaro ma a bar shi ya faɗi abin da ya gani.

Na 3. A sayi littafi babba guda, ya zama littafin zane na gari. A bi tsofaffin gwanaye, maza da mata, a zana irin adon da su ke yi a faifai da ƙwarya da hula da bango, a rubuta sunan kowane zane. Mai waya ya ɗauki hoto. A ajiye littafin inda kowa zai iya dubawa.

Na 4. A ƙarƙashin kowane zane a rubuta sunan wanda aka samo shi a wurinsa. Wanda ya ƙara wani abu, a sa nasa sunan a biye.

Na 5. In aikin na sayarwa ne, a yanka rabon kowa tun kafin a sa allura. Nawa ne na mai zane, nawa na mai ɗinki, nawa na dillali? A faɗa a gaban shaidu, a rubuta. Yawancin haɗin kai a wurin rabon kuɗi ya ke watsewa.

Jama'a, kaka ta wuce, amfanin gona ya shiga rumbu, rani kuwa shi ne lokacin sana'a. Tsofaffinmu suna nan da ransu, amma ba su dawwama. Kada mu jira sai mun dawo daga jana'iza mu ce, ina ma mun tambaya. Kowa ya tuna da gwani ɗaya a unguwarsu, ya tafi gaishe shi cikin makon nan, ya tafi da yaro da fensir. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.