Tafintan Inji da Asalinsa



Ran 9 ga watan Zulhajji, limami yakan hau mumbari a Masallacin Namira da ke filin Arfa, wajen kilomita 20 daga Makka, ya yi huɗuba da Larabci. Da yawa cikin mahajjatan da ke filin ba su jin wannan harshe. A 2018 hukumomin Saudiyya suka soma fassara huɗubar nan take cikin harsuna 5, a 2020 kuwa harsunan suka kai 10, har da Hausa. To, alhajin da ya taso daga Maraɗi ko Katsina, in ya kasa kunne ga fassarar, ba shi da hanyar da zai gwada ta da Larabcin. Ya dai ba tafinta amana, abin da ya ce shi ke nan.

Na kawo wannan ne don akwai wani tafinta wanda dukkanmu muka ba irin wannan amana ba tare da mun sani ba. Kwamfuta, har da wadda ke cikin wayar aljihunku, ba ta jin kome sai jerin lambobi, watau harshen inji. Masu rubuta mata umarni kuwa da harsunan da ɗan Adam ke iya karantawa suke rubutawa, kamar C da Fortran. Tsakanin rubutun asali da harshen inji sai an sami mai fassara. Masana suna ce masa kamfaila, mu kuwa yau tafinta za mu kira shi.

Su ma injuna harshensu ba ɗaya ba ne. Ba sai mun bar lardin Makka ba za mu ga misali. A garin Suwal, arewa da Jidda, akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullahi, wadda aka buɗe a 2009. Babbar kwamfutarta ta farko, mai suna Shaheen, ƙirar IBM ce, da ƙwaƙwale irin na PowerPC. A 2015 ta biyu ta zo, ƙirar Cray, da ƙwaƙwalen Intel, har ta zo ta bakwai a jerin mafiya ƙarfi na duniya. Ta uku, wadda ta soma aiki a 2023, ƙwaƙwalen AMD gare ta, aka kuma tsara mata wani sashe da ƙwaƙwalen NVIDIA masu jin harshen ARM. Sunan waɗannan na ƙarshe Grace Hopper, don tunawa da wata Ba'amurkiya wadda ta rubuta ɗaya daga cikin tafintocin farko a 1952. Umarnin da aka fassara wa Shaheen ta farko, in aka kai wa ta biyu, ko harafi ɗaya ba za ta gane ba. Har wajen jera lamba sun saɓa. Bahaushe yana cewa ashirin da biyar, Balarabe kuwa biyar yake fara ambata kafin ashirin. Haka PowerPC ɗin nan ke sa babban gurbi a gaba, Intel kuwa ƙarami.

Ashe ke nan kowane irin inji yana bukatar tafintan da ya san harshensa. Wanda ya fi yaɗuwa cikin waɗanda kowa ke da izinin karanta rubutunsu na asali shi ne GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a watan Maris na 1987, yana fassara wa injunan VAX da na Motorola 68000. Kowa na iya ɗauko rubutun ya gina nasa. Sai dai mai ginin zai fara cin karo da wata matsala. Shi kansa tafintan umarni ne da aka rubuta da C, tun daga 2013 kuma da C++, saboda haka sai da wani tafinta ake fassara shi. Maƙeri da masaba yake ƙera masaba. A farkon shekarun 1990, da kamfanin Sun ya daina haɗa tafinta kyauta cikin injunansa, masu son GCC sai da suka nemo wanda wani ya riga ya gina, sa'an nan suka iya gina nasu.

Aikin yakan fara da wani ɗan umarni mai suna configure. Shi kamar magini ne da ke zagaya fili kafin a haƙa harsashi. Yakan duba wane tafinta ke cikin injin, waɗanne kayan aiki ke akwai, ta wane gefe ake jera lamba. Mai gini kuma yakan gaya masa inda za a ajiye sabon tafinta da harsunan da ake so ya iya. A nan ne sababbin hannu suka fi tuntuɓe. GCC ba ya ginuwa sai da wasu taskokin lissafi guda uku, GMP da MPFR da MPC. Masu kula da shi kuma sun gargaɗi mutane kada su yi ginin a cikin rumbun da rubutun asali yake, a buɗe wani rumbu dabam. A kan injin Linux mai gurbi 64, sau da yawa aiki yakan yi nisa sa'an nan ya tsaya cik, don an rasa kayan da ake bukata na fassara wa injuna masu gurbi 32. Ko dai a nemo kayan, ko kuwa a gaya wa configure tun farko ba a bukatar wannan sashe.

Tambaya mafi nauyi da configure ke yi ita ce ta injuna uku: a kan wane inji ake ginin, a kan wane inji tafintan zai zauna, kuma wa zai yi wa fassara. Galibi duka ukun inji ɗaya ne. Amma wayar hannu, ko ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke cikin mota, ba a cikinta ake fassara mata umarni ba. A babbar kwamfuta ake yi, a ɗora mata. Shaheen ta farko ma haka take, a injunan ƙofar shiga ake fassara, sa'an nan a tura wa masu lissafin. In kuwa injunan uku duk sun bambanta, masana suna kiran abin ginin Kanada, wai don sa'ad da ake tattauna batun ƙasar Kanada tana da manyan jam'iyyu uku. Su ma masu ilmin lissafi ba su rasa barkwanci.

In an gama shiri sai a ba da umarnin make, a bar inji da aikinsa, wani lokaci sa'o'i da dama. Abin da ke cin lokacin shi ne sau uku ake ginin. Tsohon tafintan da aka tarar a injin shi ke fassara na farko. Na farko ya fassara rubutun nan dai, a sami na biyu. Na biyu ya sake, a sami na uku. Sa'an nan a gwada na biyu da na uku, lamba da lamba. Tun da rubutu ɗaya suka fito, kuma masu fassara su ma daga rubutu ɗaya suke, dole su yi daidai. In aka sami saɓani, aikin ya tsaya, an san akwai aibi. A ganina wannan dabara tana da kyau ƙwarai, amma a lura da iyakarta. Tana nuna cewa tafinta bai saɓa wa kansa ba. Ba ta nuna cewa mai gaskiya ne.

Wanda ya fito da wannan fili shi ne Ken Thompson na ɗakin binciken Bell a Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tsarin Unix. A jawabin da ya yi na karɓar lambar girma ta Turing, wadda aka ba shi tare da Dennis Ritchie a 1983, aka kuma buga jawabin a 1984, ya bayyana yadda ya koya wa wani tafinta ha'inci iri biyu. Na ɗaya, duk sa'ad da aka ba shi umarnin tsaron ƙofar shiga inji ya fassara, sai ya saka wata ɓoyayyiyar kalmar sirri. Na biyu, duk sa'ad da aka ba shi rubutun tafinta ya fassara, sai ya dasa ha'incin biyu cikin sabon. Daga nan sai a goge kome daga rubutun asali. Mai bincike ya karanta rubutun daga farko har ƙarshe, ba zai ga kome ba, alhali kuwa ha'incin na bin zuriya, daga uba zuwa ɗa zuwa jika. Gwajin nan na biyu da na uku ma zai wuce lafiya lau. Mukan ce gani ya kori ji, to ga inda ganin ma bai wadatar ba.

Kada a ɗauka wannan tatsuniyar malamai ce. A 2015 aka gano cewa masu rubuta umarnin waya da yawa a ƙasar Sin sun yi aiki da wani gurɓataccen Xcode, watau kayan fassara na kamfanin Apple. Ɗauko shi daga waje yana da jinkiri, sai suka karɓa daga wuraren da ke kusa. Rubutunsu tsarkakakke ne, amma abin da ya fito daga hannun tafintan yana ɗauke da ɓarna, har ta shiga WeChat. Mu da intanet ke mana tsada, ɗalibai ke karɓar kayan aiki hannu da hannu daga abokai, ya kamata wannan labari ya tsaya mana a rai.

An sami hanyoyi biyu na rage wannan haɗari. Ta ɗaya David Wheeler ne ya tabbatar da ita a kundin digirinsa na 2009 a Jami'ar George Mason. A nemo wani tafinta dabam wanda ba su haɗa asali da wanda ake zargi ba, a ba shi rubutun ya fassara, abin da ya fito kuma ya sake fassara rubutun. In sakamakon ya yi daidai da wanda ake zargi, to ko dai shi mai gaskiya ne, ko kuwa su biyun sun haɗa baki, abin da ke da wuya ga shaidu biyu da ba su taɓa haɗuwa ba.

Ta biyu ta fi kama da aikin masu bin isnadi, watau a bi silsila mutum bayan mutum har a kai tushe. A watan Afrilu na 2023 masu aikin GNU Guix suka ba da sanarwar cewa sun gina umarni fiye da 22,000 daga wani ɗan iri mai girman bayit 357, wanda bai kai tsawon wannan sakin layi ba, mutum na iya bin lambobinsa ɗaya bayan ɗaya da ido. Shi ke gina wanda ya ɗan fi shi, wannan ya gina na gaba, har a kai ga GNU Mes wanda Jan Nieuwenhuizen ya soma, daga nan TinyCC, sai tsohon GCC 2.95, har a iso ga na zamani. Su da kansu sun faɗi abin da ya saura: suna dogara da wani ginannen umarni mai suna Guile wajen jan ragamar aikin, da kuma cibiyar tsarin Linux da ake ginin a kanta.