Ƙaura Zuwa Wata Jaha: A Auna Kafin A Ɗaure Kaya

Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, duk inda kuka taru kuka kewaye akwatin rediyo. Gaisuwa ta musamman ga azuzuwan Mallawa da Dungas da Magarya, cikin jahar Damagaram, don maganar yau ku ta fi shafa. Kowa ya jawo littafinsa da alƙalaminsa kusa, yau akwai lissafi.

Maganarmu ita ce ƙaura. Da an gama kaka, an ɗaure hatsi an kai rumbu, sai hirar dandali ta koma ta tafiya. Wane ya sauka Kano, wane yana shirin Agadas. Wannan ba sabon abu ba ne, kakanninmu ma sun yi biɗa. Amma tafiya iri biyu ce. Ku rubuta kalmomin nan biyu, kowace a layinta: ci-rani, ƙaura. Mai ci-rani yakan bar iyalinsa da gonarsa, ya je ya nemo, ya komo kafin ruwan shuka. Mai ƙaura kuwa yakan kwashe mata da yara, da tukunya da tabarma, ya ce ya tashi ke nan. Yau da mai ƙaura nake, ko wanda zuciyarsa ta fara raya masa haka.

Ban zo in ce kada kowa ya tashi ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kowa ya san yadda ƙasar Magarya da Dungas ta cika da jama'a. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke jiran rabonta. Wanda rabonsa bai kai shi watan biyar da ci ba, dole ya duba wani wuri. Abin da nake so shi ne kada a tashi da jin labari kawai. A auna tukuna.

To, a tsakiyar shafi ka ja layi daga sama har ƙasa. A hannun dama ka rubuta: abin da zan samu. A hannun hagu ka rubuta: abin da zan bari.

Mu fara da kudu, don nan ne ƙafarku ta fi sabawa. Daga Mallawa, iyakar Najeriya ba nisa. Da yawanku kun sha kai dabba kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a jahar Jigawa, wadda aka cire daga jikin jahar Kano a 1991. Kano ma ta fi Yamai kusa da ku nesa ba kusa ba. Can ba ka bukatar tafinta. Hausar da kake yi ita suke yi, sallar da kake yi ita suke yi, wataƙila ma kana da ƙanwar uwa ko ɗan wa a can. Wannan babban abu ne, ka rubuta shi a dama. Ka ƙara da aiki. Akwai dako a kasuwar hatsi ta Dawanau da ta tufafi ta Kantin Kwari. Akwai ga-ruwa, da gadi, da sayar da shayi. Akwai noman rani wajen Kura da Kadawa, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir. Abin da ya fi waɗannan duka, a ganina, shi ne koyon sana'a. Yaron da ya koyi ɗinki ko walda ko gyaran babur ya samu abin da fari ba ya cinyewa.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yanzu ga lissafin. Lambobin da zan faɗa misali ne don koyo, kowa zai sa nasa daga baya. Mu ce mutum yana samun naira 5,000 a rana, yana aiki kwana 25 a wata. Ku ninka. An samu naira 125,000. Kuɗi ne masu daɗin ji a kunne, kuma su ne ake faɗa a hirar dandali. Abin da ba a faɗa shi ne inda suke zuwa.

Mu ce ya tafi da iyalinsa, su shida. Abinci naira 3,000 a rana, kwana 30, naira 90,000 ke nan. Ku lura, aiki kwana 25 ne, ci kuwa kwana 30 ne, ciki ba shi da ranar hutu. Hayar ɗaki, naira 10,000 a wata. Ruwa da itace da sabulu, 12,000, don a birni itacen ma saye ake yi. Magani, 5,000. Ku tara. An samu 117,000. Ku ɗebe daga 125,000. Saura naira 8,000. Wannan shi ne abin da mutumin ya samu a wata, ba 125,000 ba. Kuma ku sani masu gidaje a birni sun fi son kuɗin hayar shekara guda dunƙule, tun kafin ka shimfiɗa tabarma.

Yanzu mu ce shi kaɗai ya tafi, iyali na gida suna ci daga rumbu. Abincinsa 45,000, wurin kwana da suka haɗa da abokai 3,000, sauran bukatu 5,000. An samu 53,000. Saura naira 72,000. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, amma ku dubi bambancin. Shi ya sa ci-rani ya daɗe bai mutu ba. Lissafin yana iya sakewa in uwargida ma tana da sana'a, ko ƙosai ko kitso ko ɗinki, sai a sa nata a hannun dama. Don haka a yi lissafin da ita. Iyayenmu mata da ke aji, ku kuka fi sanin kwana nawa tiya guda ke kai gida, kada ku yi shiru.

Saura abu guda cikin lissafin kuɗi: canji. Naira kake samu, amma in za ka aiko gida sai ta koma sefa. A farkon shekarun 1980 naira guda ta fi dalar Amurka guda daraja a wajen hukuma. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A lokacin, wanda ya komo da naira ya komo da arziki, kuma labarin wancan zamani ne har yau yake ruɗin wasu. A 2023 gwamnatin Najeriya ta cire tallafin man fetur, ta kuma saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Kayan masarufi suka yi tsada, naira ta faɗi. A 2024 jika guda ta sefa ta wuce naira 2,000 a hannun ƴan canji. In muka ɗauka jika guda naira 2,500 ce, naira 8,000 ɗin nan ta mai iyali jika uku ce da ɗan ɗori. Kafin ka yi lissafinka, ka je ka tambayi canjin ranar, kada ka yi aiki da na bara.

Sai maganar iyaka. Mu muna ganin ɗaya muke da mutanen ƙetare, kuma gaskiya ne. Amma hukuma biyu ce, doka biyu ce. A farkon 1983 Najeriya ta kori baƙin da ba su da takardu, mutane fiye da miliyan guda suka fita, har da ƴan Nijar. A watan Afrilu na 1984 aka sake launin takardun naira, aka ba da kwanaki kaɗan na canji, aka rufe iyaka har 1986. Wanda ya ɓoye tsohuwar naira a ƙarƙashin gado ya wayi gari da takardar banza. Abin ya haɗu da fari, shi ya sa tsofaffinku ke kiran yunwar shekarar El-Buhari. Kada ku ce wannan tsohon labari ne. An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake sabunta manyan takardun naira a ƙarshen 2022, kuɗi suka yi wuyar samu wata da watanni. An kuma rufe iyaka a Agusta 2023, sai Maris 2024 aka buɗe. Tun 29 ga Janairu 2025 kuma Nijar ba ta cikin ƙungiyar CEDEAO. Ma'anar wannan duka ita ce, baƙo yana zaune ne bisa dokar da ba shi ya yi ta ba, kuma tana iya sakewa dare ɗaya. Sana'a ma haka. A 2013 jahar Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur, masu kabu-kabu da yawa suka rasa abin yi. Saboda haka kada ka taka ko'ina ba katin ɗan ƙasa a aljihunka, kuma kowane yaro a yi masa takardar haihuwa tun a gida.

Tun da na ambaci yara, ku rubuta lakwal a hannun hagu. A nan da Faransanci ake karatu, a can da Ingilishi. Yaron da ya yi shekara huɗu a lakwal, in an kai shi can kusan daga farko zai soma. In an komo da shi bayan shekara biyu, ya zama ba ya nan ba ya can. Ƴa mace ta fi shiga wannan hali, don sau da yawa daga nan karatun ya tsaya ke nan.

Arewa kuwa, ba zan daɗe a kanta ba. Agadas jaharmu ce, ba canjin kuɗi, ba maganar baƙunta. Amma ruwa da abinci suna da tsada, aikin kuma ba shi da tabbas. Zinariyar Jado da ta ja dubban samari a 2014, hukuma ta rufe wurin a 2017. Kamfanin Kominak na haƙar yuraniyom kusa da Arlit ya daina aiki a 2021. Abin da nake roƙo shi ne kada Arlit ta zama matakin tsallakawa Aljeriya da ƙananan yara. A watan Oktoba na 2013 motoci suka lalace a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, aka tsinci gawa 92, fiye da 50 yara ne, mafi yawan sauran mata. Akasarinsu maƙwabtanku ne na ƙasar Kance. Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka isa lafiya ma, tun ƙarshen 2014 ake ta maido su cikin manyan motoci. Wannan hanya ba ta shiga lissafinmu, don ba lambar da za a rubuta a madadin ran yaro.

Yanzu mu zo ga abu mafi nauyi a hannun hagu, wato gona. Duk abin da ka bari kana iya sake samunsa. Akuya ana saye, ɗaki ana ginawa. Gonar gado kuwa, in ta fita hannunka a ƙasar da kowa ke neman inda zai sa hauya, da wuya ta komo. Ku dubi gawon da ke cikin gonakinku. Shekara da shekaru kuka yi kuna sassabe kuna barin ƴan tsiron, har baƙi daga ƙasashen waje suna zuwa Magarya da Matamai da Mirya su ga yadda manoma suka raya itatuwa da hannunsu. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, da rani ya ba dabba ƴaƴansa. Wannan dukiya ba ta shiga mota. Wanda ya sayar da gona don kuɗin mota da hayar shekara guda, in birni ya ƙi shi, ina zai sa kansa? Zai komo garinsu ya yi ƙwadago a gonar ubansa.

Shawarata ga mai gona ita ce kada ya sayar a shekarar farko, ko ta biyu. Akwai aro, akwai haya, akwai jingina. Amma a nan ne rigima ke fitowa, in an yi su da baki kawai. Shekara biyar ta wuce, shaidu sun tsufa ko sun rasu, wanda aka ba aro ya ce saye ya yi. To, ga amfanin karatun da kuke yi. Tun 1993 ƙasarmu tana da dokar karkara, kuma a ƙarƙashinta aka kafa kwamitocin filaye da ake ce wa Kofo, daga gunduma har zuwa ƙauyuka. Suna ba da takarda ta aro daban, ta haya daban, ta jingina daban, ta sayarwa daban. Ka je gaban maigari da shaidu a rubuta. Kafin ka sa hannu, ka nemi kalmar da idonka: aro aka rubuta ko saye? In da Faransanci take, ka sa wanda ka amince da shi ya karanta maka layi-layi. A rubuta iyakokin gonar, gabas da yamma, kudu da arewa. A rubuta shekara nawa. A rubuta wa ke da ikon saran itacen da ke ciki. Kofi ɗaya a hannunka, ɗaya a gida wajen wanda ba zai yar ba.

Akwai wanda ƙaura ta dace da shi, kada mu ɓoye. Wanda ba shi da gona ko kaɗan, yana da sana'a a hannu, ya riga ya yi rani biyu ko uku a wurin, ya san mai gidan haya, ya san inda asibiti yake, matarsa kuma ta yarda, wannan in ya tashi bai yi wauta ba. Hannun hagunsa ba nauyi. Wanda bai taɓa kwana a garin ba kuwa, ya fara zuwa shi kaɗai. Gani ya kori ji. Ya yi wata uku yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita kowace rana a ɗan littafi, sa'an nan ya komo a zauna da iyali a karanta.

Ga aikinku kafin mako mai zuwa. Kowa ya cika shafin nan nasa, dama da hagu, ko da ba shi da niyyar zuwa ko'ina. Ku nemi mutum guda a garinku da ya komo daga biɗa, ku tambaye shi abu huɗu: nawa yake samu a rana, nawa yake ci, nawa yake biyan wurin kwana, nawa ya shigo da shi gida. Ku rubuta lambobin, ku yi ɗebewar da kanku, ku kai wa malaminku ya duba. Malamai kuma, a sa ɗalibai su rubuta kalmomin nan huɗu a allo har su iya gane su a takarda: aro, haya, jingina, saye. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.