Ƙwaƙwalwar Mota: Wa Ke Sayarwa, Wa Ke Ɗaukar Alhaki?



Batun da aka ɗora mini in yi magana a kai shi ne cinikin manhajar da ke tsare rai a cikin mota, watau umarnin da ake rubuta wa kwamfutar nan da kanikawanmu ke kira ƙwaƙwalwa. Wani zai ce, ina ruwan mutumin Haɗejiya da wannan? To, duk wanda ya shiga Sharan ko Hiace daga tasha zuwa Kano, ya bi ta Gujungu da Ringim, ya damƙa amanar ransa ga mutum biyu ne: direban da yake gani, da wani injiniya a Jamus ko Japan wanda ba zai taɓa gani ba.

A zamanin fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975, waya ce ke jan totur, ƙarfin ƙafar direba da man birki kuwa su ke tsai da mota. Abin ya soma sakewa a 1978, lokacin da kamfanin Bosch da na Mercedes suka fito da birkin ABS, mai hana taya ƙamewa. A 1995 aka ƙaro na'urar da ke kama birkin taya ɗaya ita kaɗai idan mota ta soma santsi a kwana, wadda Tarayyar Turai ta wajabta wa kowace sabuwar mota tun 2014. Jakar iska ma manhaja ce ke yanke shawarar buɗe ta, kafin ƙiftawar ido.

Daga nan wata babbar kasuwa ta tashi. Masu ƙera motoci ba su ke rubuta dukan manhajar ba. Da yawa suna saye ne daga kamfanoni irin su Bosch da Continental da Denso. Abin da ya fi tsada a wannan ciniki shi ne hujjar cewa an gwada manhajar. Ƙa'idar duniya mai suna ISO 26262, wadda aka fitar a 2011 aka sabunta a 2018, ta tilasta a yi tambaya uku game da kowane ɓangare. In ya lalace, yaya munin raunin zai kasance? Sau nawa mota ke shiga halin da hakan zai zama hatsari? Direba zai iya shawo kan motar? Da amsoshin ake sanya ɓangaren a mataki, daga A zuwa D. Birki da sitiyari galibi suna can sama, don haka gwajinsu ya fi tsanani, kuɗinsu ya fi yawa.

Ba don Allah kaɗai kamfanonin ke kashe wannan dukiya ba. Suna tsoron kotu. A 2009 da 2010 kamfanin Toyota ya yi wa miliyoyin motoci kiranye saboda ƙorafin cewa suna ƙara gudu da kansu. Injiniyoyin hukumar NASA sun bincika a 2011, ba su gano aibi a kwamfutar ba. Amma a 2013 wata kotu a jihar Okalahoma ta Amurka, bayan ta saurari ƙwararrun da suka karanta manhajar, ta ɗora wa kamfanin alhakin wani hatsari da ya ci ran mace ɗaya. A 2014 kuma ya biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye wa jama'a gaskiya. Ga abin da ke riƙe da kasuwar: doka mai haƙori, da mai saye da ya san haƙƙinsa.

Yanzu mu dawo gida. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Su ne 'yan Kwatano da ke cike da tashoshinmu. Motar ta zo da manhajarta, amma lamuninta ya tsaya a can. Takardar kiranye takan je wa mai motar da ke cikin rajistar ƙasarsu ne, ba wanda ya saye ta a Kano ba.

Sa'an nan ga namu halin. Fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba, sai a cire ƙwan fitilar, a ce an gyara. Ƙwaƙwalwa ta mutu, sai a sayo wata a Ƙofar Ruwa a liƙa, ba tare da tabbatar da cewa ta dace da motar ba. Wasu kan cire ABS ɗungurungum, suna cewa ba ya kamawa a kan burji. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, domin a kan tsakuwa ko rairayi yakan tsawaita nisan tsayawa; amma shi ke barin direba ya iya juya sitiyari yana kan birki, kuma a kan kwalta mai ruwa ba shi da madadi.

Mu mutanen fadama muna da ƙarin damuwa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun shafe hanyoyi a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma. A motoci da yawa, akwatin da ke sarrafa jakar iska a ƙasa yake, kusa da giya. In ruwa ya shige shi, mota za ta bushe ta tashi lafiya lau, tsatsa na cin wayoyin a ɓoye, sai ranar da aka buƙace shi ya ƙi aiki.

Saboda haka ina da shawara uku. Ta farko ga masu shirin sayen mota da albashin farko: galibin motoci suna da lambar shasi mai harafi da alƙalami 17, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka tana barin kowa ya duba kyauta a intanet ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Ku duba, ku kuma sa a jona na'urar bincike kafin ku biya. Araha ba ta ado.

Ta biyu ga waɗanda za su zama jami'an duba lafiyar motoci, ko ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988. Duba taya da fitila bai wadatar ba a yau. Ya kamata motar haya da aka kashe wa ABS ko jakar iska ta rasa takardar lafiya, kamar yadda marar birki ke rasawa.

Ta uku ga makarantunmu, musamman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, da sassan injiniya na jami'o'inmu. Su buɗe ƙofa ga kanikawa da masu gyaran waya, a koya musu karanta abin da na'ura ke faɗa. Wataƙila ba za mu yi gogayya da Bosch wajen rubuta manhajar birki gobe ba, amma bincike da gyara da shaidar lafiyar miliyoyin motocin da ke ƙasar nan kasuwa ce da ke jiranmu, in ba mu kama ta ba wani zai zo ya kama.

 Allah ya kiyaye mana hanya.