Suna Linzami: Direba ko Yaron Mota?



Hausawa sun ce suna linzami ne. Yau muna so mu auna wannan magana a kan motocin zamani masu na'urorin taimakon direba, waɗanda ke tsare mota cikin layinta, su daidaita gudunta, su taka birki idan sun hangi wani abu a gaba. Irin waɗannan motoci sun fara iso mu cikin 'yan Kwatano, don haka batun ya zama namu.

Kamfanin Tesla na Amurka ya raɗa wa tasa na'urar suna Autopilot, watau mai tuƙa kanta. Amma ƙungiyar injiniyoyi ta SAE ta kasa wannan fasaha hawa shida, daga 0 zuwa 5, kuma Autopilot a hawa na 2 take. A wannan hawa dole ne idon direba ya kasance a kan hanya kowane lokaci.

A watan Mayu na 1916 ba a san wannan matsala ba, amma shekara ɗari bayan haka, a Mayun 2016, wata tirela ta gitta hanya a jihar Fulorida, wata Tesla ta shige ƙarƙashinta ba tare da birki ba, mai motar ya mutu. Na'urar ba ta gane tirelar ba. Masu bincike sun ce direban tirelar bai ba da hanya ba, sun kuma gano cewa cikin minti 37 da na'urar ke aiki, daƙiƙa 25 kaɗai aka ji hannun marigayin a sitiyari. A Disambar 2023 sai da kamfanin ya yi wa motoci fiye da miliyan 2 gyara domin ƙara wa direba gargaɗi. A Afrilun 2025 kuwa, bayan hatsarin wata motar Xiaomi da ya ci rai 3, hukumomin Sin suka hana tallar irin waɗannan na'urori da sunan masu tuƙa kansu.

To, jama'a, mu dawo gida. Duk wanda ya bi ta Sharaɗa, ko Bompai, ko masana'antun jima na Chalawa, ya san tirela na fitowa daga ƙofar kamfani ta tare hanya baki ɗaya. Ga A Daidaita Sahu, ga 'yan kura, ga ma'aikata suna tsallakawa lokacin tashi. Kyamarar da ke neman farin layi, me za ta bi inda fenti ya goge, ko ranar da hazon hunturu ya sauka?

Shawararmu ita ce mu riga 'yan talla raɗa suna. Kowane direban babbar mota yana da yaron mota, mai duba masa baya, mai sa weji, mai cewa "Oga, tsaya!" Yana da amfani ƙwarai, amma ba a bar masa sitiyari a kwanta barci. Wannan shi ne matsayin na'urar. Muna kira ga Hukumar Kiyaye Haɗurra, da KAROTA, da gidajen rediyo, da dillalan mota, su kira ta mataimakiyar direba, kada su ce mai tuƙa kanta. Wanda aka gaya wa mota na tuƙa kanta zai saki sitiyari, kuma ba shi kaɗai zai biya ba.

Allah Ya kiyaye hanya.