Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi Kan Kwamfuta da 'Ya'yan Talakawa

 

An ba mu dama mu yi magana a kan fasahar zamani da adalci a harkar ilimi. Fagen yana da faɗi, saboda haka za mu tsaya a kan abu guda: ƙofar da 'ya'yanmu ke bi su shiga manyan makarantu ta koma kan kwamfuta, alhali yawancin yaran da muke koyarwa ba su taɓa ɗora yatsa a kanta ba.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar fensir da takarda. Yau ɗalibi zai zauna gaban na'ura, a ba shi tambayoyi 180 ya amsa cikin awa 2. Tun 2021 kuma ba ya iya yin rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, sai kuma layin waya da zai aika saƙo da shi. A 2024 hukumar WAEC ta fara gudanar da jarrabawar masu zana ta da kansu a kan kwamfuta, sannan a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana niyyar mayar da jarrabawar WAEC da ta NECO kan wannan tsari. Mu kanmu ba mu tsira ba, domin jarrabawar da hukumar TRCN ke yi wa malamai kafin ta ba su lasisi a kan kwamfuta ake yin ta.

Ba mu zo nan don mu yi adawa da wannan sauyi ba. Ya rage satar amsa, ya gaggauta fitowar sakamako, ya toshe wasu kafofin cin hanci. Abin da muke tambaya shi ne: mene ne jarrabawar take aunawa? A ɗauki yara biyu masu basira iri ɗaya. Na farko ya taso a makarantar kuɗi, tun yana aji uku yake wasa da linzamin kwamfuta. Ta biyu 'yar manomi ce, ta yi sammako daga ƙauye, ta biya kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa a birni, kuma ranar ce farkon zamanta gaban allon na'ura. Yayin da shi yake tunanin amsa, ita tana neman inda za ta danna, agogo kuwa yana tafiya. Idan sakamako ya fito sai a ce ta gaza. Ba ilimi ta rasa ba, sabo ta rasa, kuma ba ita ta hana kanta ba.

Wannan gibi ba a sakandare yake farawa ba, a azuzuwanmu na firamare yake farawa, kuma mun ga zurfinsa da idonmu. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, 'ya'yan masu hali sun ci gaba da darasi ta intanet. Namu kuwa, abin da ya kai gare su shi ne darussan rediyo da jihohi irin su Kano da Kaduna suka shirya. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara da wasu ƙananan hukumomi na maƙwabtanta saboda matsalar tsaro. A farkon 2025 kuma aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da na data. Gidan da ke da waya ɗaya tal, tana aljihun maigida, ana kai ta caji kasuwa, sai a tambayi kai: wa zai fara samun ta? Yaro namiji na iya zuwa shagon intanet da yamma. Yarinya sau da yawa ba ta da wannan damar. Ga kuma makafi da kurame da sauran masu buƙata ta musamman, waɗanda ba kasafai ake tuna su ba in ana rabon kaya.

To, mene ne magani? Da yawa za su ce a raba kwamfutoci. A nan ya kamata mu ɗauki darasi daga ƙasashe biyu masu tasowa na Kudancin Amurka. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan makaranta ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000. Da Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya bincika a 2012, sai ya tarar yara sun iya sarrafa na'urar, amma sakamakonsu a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Makarantu da yawa ba su da intanet, kuma ba a shirya malamai yadda ya kamata ba. Ƙasar Uruguwai kuwa ta fara nata shirin a 2007. Ta haɗa rabon na'ura da kai intanet makarantu, da horar da malamai, da tanadin masu gyara, da darussa cikin harshen da yara ke ji. Da korona ta zo, tana cikin ƙasashen yankin da karatunsu bai tsaya cak ba. Bambancin ba ya ga na'urar, yana ga abin da aka kewaye ta da shi.

Mu ma mun san ɗakunan da aka jibge kwamfutoci, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hoto, aka sa kwaɗo. Babu wuta, babu mai gyara, shugaban makaranta na tsoron a lalata a ce ya biya. Bayan shekara biyu ƙura da ɓeraye suka gaje su.

Saboda haka muna roƙon shugabannin reshenmu su miƙa waɗannan buƙatu ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi. Na farko, wutar sola ta riga kwamfuta isa makaranta, kuma a ware kuɗin gyara tun a kasafi. Na biyu, a horar da malamai horo mai ɗorewa, ba bitar kwana biyu da ake tara sunaye a raba alawus ba, kuma malaman karkara da malamai mata su sami kasonsu. Na uku, inda ba za a iya wadata kowace makaranta ba, a kafa cibiya ɗaya a kowace mazaɓa, a tsara jadawali, a keɓe wa 'yan mata ranakunsu, ta yadda babu yaron da zai gama aji shida bai taɓa amsa tambaya a kan na'ura ba. Na huɗu, a tanadi darussa da Hausa waɗanda ke aiki ba tare da data ba. Na biyar, jiha ta riƙa biyan nata kason don karɓo kuɗin hukumar UBEC, kamar yadda dokar 2004 ta tsara, domin kuɗin da ke kwance a Abuja ba ya koyar da kowa.

Mu ma akwai namu nauyin. Malamin da ya iya ya koya wa ɗan'uwansa ba tare da raini ba, wanda bai iya ba kuma kada kunya ta hana shi tambaya. Iyaye da ke tare da mu, muna roƙonku ku yi wa yara rajistar NIN da wuri, ku tabbatar suna da ranar haihuwa sun dace da na takardun makaranta, domin harafi ɗaya na iya jawo wa yaro asarar shekara. Ku kuma bar 'ya'yanku mata su koya, a gabanku, bisa kulawarku.

'Yan'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da ke aji huɗu a hannunmu yau, nan da shekara takwas zai zauna gaban wannan na'ura, ko mun shirya shi ko ba mu shirya shi ba. Amana ce a wuyanmu da wuyan hukuma, kuma za a tambaye mu.

Allah ya ba mu ikon sauke ta, ya yi wa 'ya'yanmu albarka, ya ƙara haɗa kan ƙungiyarmu.